Ɗan Masuntan da Aka Koya wa Numfashi

Akwai wani direba a Doha mai suna Usaini, mutumin Yauri, ɗan masunta gaba da baya. A bakin kogin Neja ya tashi, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Duk wanda ya taɓa zama da shi a ɗakinsu na unguwar Mansura ya ji labarin yadda yake nutsewa ya kamo giwan ruwa da hannu. Kifin nan kuwa kullum ƙara girma yake yi a bakinsa.

Kwantiraginsa ya ƙare, Juma'a ɗaya ta rage masa a Qatar. Sai mahaifinsa, tsohon masunci da ciwon ƙafa ya zaunar a gida, ya kira shi a waya.

"Usaini, cikin kogi babu inda ban sani ba, amma teku ko a mafarki ban gan shi ba. Kada ka dawo min ba ka leƙa ƙarƙashinsa ba. Ina so in ji daga bakinka."

Usaini ya ce, "An gama, Baba."

Aka yi dace akwai Injiniya Umar Faruq, ɗan Arewa mai aiki a kamfanin gas, wanda ke da takardar koyar da nutso da silindar iska. Ranar hutu yakan kwashi 'yan gida ya kai su wani bakin teku a kudu da Doha, inda ruwa ke kwance, mutum ya taka da ƙafarsa daga yashi ya shiga a hankali. Wannan Juma'ar mutum biyu ya ɗauka: Usaini, da abokin ɗakinsa Uwais, mai gadi a unguwar Mesaimeer.

Shi Uwais mutumin Gumel ne. Ruwan da ya fi sani a duniya shi ne na bokitin wanka. Tun a mota Usaini ya sa shi gaba.

"Ɗan tudu, ka bar wasiyya kuwa? Kada ka damu, in ka nutse ni zan tsamo ka."

Uwais ya yi dariyar dole.

Da suka isa, Injiniya ya zaunar da su a inuwar mota ya nuna musu kaya: gilashin fuska, tiyon shaƙar iska da ake kamawa da baki, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Sannan ya ce, "Doka ɗaya ce ta fi kowace. Kada ku riƙe numfashi. Iskar da kuka shaƙa a ƙasa kumbura take in kuna tasowa, tana iya yi wa huhu illa. Ku shaƙa, ku fitar. In ban ga kumfa na fita daga bakin mutum ba, khalas, shi ke nan, ba ya sauka ƙasan ruwa."

Uwais ya bi kowace kalma da ido da kunne. Usaini kuwa yana can yana ɗaukar kansa hoto cikin rigar roba.

Suka shiga ruwa iya ƙirji, Injiniya ya ce su durƙusa. Uwais ya nutsa kai yana salati a zuci, tsoro ya sa kumfa ke tashi a kansa kamar tukunya na tafasa. A gefen Usaini kuwa shiru. Ruwa lumui.

Injiniya ya ɗago shi. "Malam Usaini, ina numfashin?"

"Ranka ya daɗe, ai ban buƙace shi ba tukuna. Ni ina iya daɗewa."

"Ba gasar daɗewa muke ba. Sake."

Ya sake, haka. Ya kuma sakewa, haka. A nan ne dariya ta ɗauke daga fuskarsa, don ya gane ba da gangan yake yi ba. Tun yana yaro jikinsa ya haddace cewa da kai ya shiga ruwa, ƙirji ya kulle. Abin da ya sa ake yabonsa a Yauri shi ne yau ya tare masa hanya.

Injiniya ya ce, "Ka yi haƙuri. Ba zan kai ka ƙasa a haka ba. Gara ka koma gida da fushina da a ce na kai ka asibiti. Uwais, yalla, mu je."

Usaini ya tsaya a ruwa iya ƙirji, silinda a baya, kunya ta rufe shi. Ba maganar Injiniya ce ta fi ci masa rai ba. Tunanin tsoho ne, da abin da zai faɗa masa.

Uwais ya yi taku biyu ya tsaya.

"Injiniya, a ba mu ɗan lokaci. In iskata ta ragu ba komai, duk abin da na samu na gani ya ishe ni." Ya juyo. "Usaini, ni ban iya komai ba, tsoro ne kawai ya koya min. Kana so in nuna maka?"

Kalmar ta yi wa Usaini nauyi a baki, amma ya fitar da ita. "Koya min, ɗan'uwa."

Suka durƙusa fuska da fuska a ƙarƙashin ruwa, Uwais ya riƙe hannunsa. In ya matsa hannun, su fitar da iska tare. In ya sassauta, su shaƙa. Da farko ƙirjin Usaini ya ƙi. Uwais ya matsa, ya ƙara matsawa, yana zare masa ido ta cikin gilashi. Can sai ga 'yar kumfa ta fito. Wata ta biyo ta. Kafin a jima ruwa na ɓulɓula a kansu su biyun.

Injiniya ya daɗe yana kallo, sannan ya yi musu alama su biyo shi.

Jama'a, abin da suka gani ya wuce a faɗa. Yashi fari tas, hasken rana na wasa a kansa. Ga wata tsohuwar mota da aka nutsar don kifaye su samu gida, wani kifi shuɗi mai ratsin rawaya ya shige ta tagar direba ya fito ta ɗaya gefen, ko sigina bai bayar ba. Usaini direba ya fashe da dariya har ruwa ya shiga gilashinsa. Hannunsa na cikin na Uwais, bai sake shi ba har suka taka yashin gaɓa.

Ko rigar roba bai cire ba ya kira gida. Ya ba da labarin mota, da kifi, da yadda mutum ke zaune a ƙasan teku yana numfashi hankalinsa kwance.

Tsoho ya ce, "Numfashi a cikin ruwa? Wa ya koya maka wannan?"

Usaini ya kalli Uwais. "Wani mutumin Gumel ne, Baba. Ko kogi bai taɓa shiga ba."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Da ya natsa sai ya ce, "Ba shi wayar."

Uwais ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna kamar tsohon na gabansa. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Malam. Ni na koya masa riƙewa, kai ka koya masa sakewa. Allah ya yi maka albarka. Duk ranar da ka zo Nijeriya, kana da gida a Yauri."

Uwais, wanda ya shiga teku ya fito bai yi kuka ba, sai ga shi yana share ido da bayan hannu.

Darasi: Ƙwarewarka a wani wuri ba ta hana ka zama ɗan koyo a wani wurin, kuma wanda ka raina da safe yana iya zama malaminka kafin azahar. Kada girman kai ya hana ka cewa "koya min". Ku tura wa 'yan'uwa, musamman abokin nan naku da ya san komai.