Faifan Tsoho Vernon

Akwai wani mutum a nan garinmu, cikin ƙauyukan Wisconsin, ana ce masa Darren Kowalke. Kamfanin haƙa rijiyoyi gare shi, kuma Allah ya buɗa masa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya ne, gani yake duk abin da mutum zai yi maka, kuɗi ma zai yi, har ya fi.

A bayan gari, inda gonakin masara suka ƙare, akwai filin ƙungiyar masu harbi. Ranar Asabar ake taruwa, inji ya riƙa cilla faifan yumɓu sama, maharba suna fasa shi. Kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba, domin sauran da jiki ake biya. Wani ya yanke ciyawa, wani ya soya kifin da ake ci tare ran Juma'a, wani ya tsaya bakin ƙofa, wani ya shiga rami.

Ramin nan ɗan ɗaki ne na siminti a gaban maharba, rabinsa cikin ƙasa, nan injin yake. Ba a iya miƙewa a ciki. A tsugune mutum yake ɗora faifai, in ya ji an ce "saki" ya saki, harsashi yana wucewa ta saman kansa. Mahaifin Darren, tsoho Vernon, shi ne ɗan ramin nan tun Darren bai iya ɗaura igiyar takalmi ba.

Ƙungiyar tana da wata al'ada. Ranar da mutum ya shiga ƙungiyar, sai a ba shi faifai ya rubuta sunansa da hannunsa, a ajiye a kan wata kanta a ɗakin taro. Ba a sake taɓa shi sai mai shi ya mutu.

Ranar nan sai a yi sahu, huluna a hannu, bindigogi a buɗe babu harsashi, a bar gurbin mamacin babu kowa. Matarsa ce za ta ce "saki". Faifan ya tashi, ba mai harbinsa, ya je ya sauka cikin doguwar ciyawa. A ɗauko shi lafiya lau a miƙa wa iyalinsa. Sau ɗaya ake yi wa mutum.

Shekarar da aka zaɓi Darren shugaba, a taron farko ya miƙe.

"Jama'a, mu daina yaudarar kanmu," in ji shi. "Rufi yana yoyo, banɗaki kuwa abin kunya. Mutanen birni suna son zuwa, amma wa zai tuƙo mota tun daga can a miƙa masa tsintsiya? A ƙara kuɗin shekara sosai, a soke aikin sa kai. Mu ba kamfani aikin, kowa ya huta."

Milt Sorensen, aminin babansa, tsohon direban motar madara, shi ne mai tsaron ƙofa. Ya ɗaga hannu.

"To mu da fansho ke riƙe da mu fa, yaro? Ni dai da ƙafafuna nake biya."

"Kawu Milt, ai ƙafafun nan naka su ma sun isa ritaya. Na'urar kati zan sa a ƙofa, ta riƙa buɗewa da kanta. Ba ya gajiya, kuma ba ya tsare mutane da labarin shanun bara."

Aka kwashe da dariya. Milt ma ya yi, amma irin wadda ba ta kai ciki ba.

Da aka tashi, Vernon ya tare ɗansa a jikin mota.

"Katin nan naka, ya san mutane?"

"Baba, ya san wanda ya biya. Ai ya isa."

Tsohon ya dube shi, ya gyara hula.

A gaskiya wuri ya gyaru. Aka yi sabon rufi, aka kawo injin da ke cilla faifai da kansa, manyan motoci suka cika fili. Tsofaffin kuwa suka zame ɗaya bayan ɗaya, babu rigima, babu sallama. Milt ya rataye makullin ƙofa a ƙusa ya tafi gida.

Darren ya biya wa babansa kuɗin ba tare da ya tambaye shi ba. Vernon yakan zo ya zauna a benci, hannuwansa a kan gwiwa, babu abin yi, babu wanda ya san shi. Wata Asabar wani baƙo ya miƙa masa kofin da ya gama shan kofi, yana zaton mai shara ne. Tsohon ya karɓa, ya wanke, ya kife. Daga ranar bai sake zuwa ba.

Cikin sanyi na biyu, ƙanƙara ta rufe ko'ina, Vernon ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba.

Bayan an binne shi, matarsa Lorraine ta kira ɗanta ɗakin girki. Ta nuna masa dakalin taga, inda ta ture tukwanen furanni gefe.

"Na share masa wuri nan, kusa da hoton aurenmu. In ciyawa ta fito, ka kawo mini faifan babanka. Ba na son komai sai shi."

"Mama, ki bar mini. Za a yi masa irin wanda ba a taɓa yi wa kowa ba."

"Ni irin wanda aka yi wa kowa nake so, Darren."

Ya sami faya-fayan cikin wani kwali a sito, domin an cire kantar an kafa talabijin a wurin. Na babansa ya koɗe, amma sunan yana nan, rubutun saurayi mai ji da kansa, harafin farko da doguwar jela. Darren ya daɗe yana kallonsa.

Ya dage da shiri, kada a ce bai yi ba. Ya hana masu yankan ciyawa taɓa ƙarshen fili. Ya sa a kawo gasasshen nama da furanni daga birni. Ya tura wa 'yan ƙungiya saƙo ta waya, ya bayyana yadda ake yi.

Abu ɗaya ya rage. Sabon inji zai farfasa tsohon faifai, dole sai na da, wanda ake ɗora wa da hannu. Ya kira Milt.

"Kawu Milt, ran Asabar ne na Baba. Ina neman mai shiga rami, da mai tsayuwa a ƙofa."

"Katina ba ya buɗe ƙofarku, yaro."

Kalma ɗaya ce ta dace a nan, ta ban haƙuri, kuma Darren ya san ta. Amma bakinsa bai saba da ita ba.

"Zan biya ku kuɗin yini, ko nawa kuka ce."



"Biya? Vernon ne fa," in ji Milt, ya ajiye.

Gidan Milt ba nisa, ko kofi bai huce ba mutum ya isa. Darren ya ɗauki makullin mota, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

Ranar Asabar gari ya wayi da hadari da iska. 'Yan ƙungiya kaɗan ne suka zo, yawancinsu ba su san fuskar mamacin ba. Can bakin titi, bayan shingen waya, Darren ya hango tsofaffin nan a jere, huluna a hannu. Ya ce a ransa bari a gama, sai ya je ya shigo da su cin abinci.

"Wa zai taimaka ya shiga rami?" ya tambaya.

Kowa ya dubi wandonsa. Sai Darren ya duƙa, da baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza, ya rarrafa ciki.

Rabonsa da ramin tun yana yaro. Sanyi ne da warin man inji. Katifar soso da babansa ke durƙusawa a kai tana nan, gwiwoyi sun yi mata gurbi biyu. Ya sa nasa a ciki. Daga nan ba a ganin kowa, sai sama da ciyawa a gaba. Ashe haka tsohon ya yi shekara da shekaru, yana jin shewar mutane a bayansa, bai taɓa ganin fuskar mai murna ba.

Ya ɗora faifan a hankali. A waje fasto yana addu'a.

Sai ya ji ƙarar rufe ƙofar mota, da takun mutum a kan tsakuwa. Can kuma ya ji ƙas, ƙarar da bindiga ke yi in an rufe ta. Ya san wani ya sa harsashi ke nan. Amma ya ce a ransa, ai akwai mutane a wurin, wani zai gaya wa mai bindigar.

Waɗanda ke sahu ma, duk wanda ya gani ta gefen ido, abin da ya ce a ransa ke nan.

Muryar Lorraine ta zo, siririya.

"Saki."

Ya saki. Faifan ya tashi sumul, yana juyi, ya nufi doguwar ciyawa. Bai kai rabin hanya ba bindiga ta tashi. A gaban idon Darren ya tarwatse, iska ta kwashe ƙurar.

Bai san yadda ya fito ba. A gurbin babansa ya tarar da wani likitan haƙori daga birni, Dokta Preston Ames, yana cire abin toshe kunne, yana murmushi.

"Kun gani? Tsakiya na same shi." Sai ya lura da fuskokin mutane. "Lafiya? Gurbi na gani babu kowa, na shiga."

"Ba ka ga saƙo ba?" in ji Darren da ƙyar.

"Shugaba, ni ban cika karanta saƙonnin ƙungiya ba. Ai shi ya sa muke biya."

Da aka gaya masa abin da ya harba, murmushinsa ya ɓace, domin shi ma ba mugu ba ne. Ya laluba aljihu.

"Don Allah a yi haƙuri. A faɗa mini ko nawa ne, zan biya."

Darren ya ɗaga hannu kamar zai shaƙe shi, sai hannun ya sauka. Maganar da ya yi wa Milt ce aka maimaita masa.

Milt ya iso yana ɗingishi, waya ta yage masa wando wajen tsallake shinge.

"Na tare shi a ƙofa," ya ce yana haki. "Na yi ta ɗaga masa hula. Ko gilashi bai sauke ba. Kati ya buɗe masa, ya rufe ni a waje."

Sauran tsofaffin suka biyo shi.  Suka durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da gwiwoyinsu masu ciwo, suna tsintar ɓarɓashi. Abin da suka samu bai cika tafin hannu ba, kuma babu ko harafi ɗaya a ciki.

Darren ya je gaban mahaifiyarsa, hawaye yana zuba.

"Mama, a sake jefa wani. Yanzu zan ɗauko sabo a rubuta sunansa."

"Da hannun wa?" ta tambaye shi a hankali.

Ta ƙulle ɓarɓashin a hankici, ta kama hannun Milt, ya raka ta mota.

Daga baya Darren ya rage kuɗin, ya dawo da aikin sa kai, ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Yanzu duk Asabar shi ne a rami. In ya tashi yakan biya ta gidan mahaifiyarsa, kuma kullum sai ya tarar ta goge wurin nan na taga, kusa da hoton aure. Har yau babu komai a kai.

Darasi: Kada ka raina wanda yake biya da jikinsa don kawai ba shi da abin biya a aljihu. Kuɗi zai gyara rufi ya yanke ciyawa, amma ba zai tsaya a ƙofa ya san kai wane ne ba, ranar da kake bukatar a sani. In akwai wanda ka ture gefe, je ka ba shi haƙuri tun kafin ranar ta zo. Ku tura wa shugabannin ƙungiyoyinku wannan labari, da duk wanda yake ganin ya biya ya gama.