Haɗin Lauratu da Haƙoran Tayyiba

A'a Muhsina, ni ban ce makilin ba shi da kyau ba. Ƙarin da muke yi masa da hannunmu nake tsoro. Tunda kin tambaya a nan, bari in ba ku labarin, kowa ya ji.

Akwai wata mata a Ɗanzomo, sunanta Lauratu. Gwanar haɗi ce. Turare, man shafawa, yaji, komai ya shigo hannunta sai ta ƙara masa wani abu.

Har man goge baki ba ta bari ba. In mijinta ya sayo makilin a kasuwar Maigatari, sai ta matse shi duka a gwangwani. Ta daka alli da gawayi ta zuba, ta matsa lemon tsami, ta juya. Da shi duk gidan ke wanke baki. Haƙora kuwa suka yi fari tas, maƙwabta na ta yabo.

'Yarta Tayyiba shekararta goma sha huɗu, izu ashirin ne a kanta. In tana karatu, mai wucewa sai ya rage tafiya. Malaminsu ya ce ita zai kai musabaƙa Gumel in lokaci ya yi. Daga nan uwar ta sa ta shan zuma safe da yamma, wai don murya.

Wata rana ƙanin mijin Lauratu, Aminullahi, ya zo gaisuwa. A sashen haƙori yake aiki a wani asibiti. Ya buɗe gwangwanin, ya shinshina.

"Yaya, wannan kuma miyar wace ce?"

"Haɗina ne, bokan Turai. Ya fi naku."

Ya daina dariya. Ya ce, "Akwai wani sinadari a ciki, fuloraid, shi ke tsare haƙori daga ruɓewa. Irin na cikin wannan man, in ya zauna da alli, allin kama shi yake yi, ya hana shi aiki. Gawayi da tsami kuma kankare bayan haƙori suke. Ga yarinya kullum cikin zuma."

"Dubi bakinta ka gaya min. Naka ma ya kai nata fari?"

"Fari daban, lafiya daban, Yaya. Masu yin man nan sun auna abin da zai zauna da ɗan'uwansa."

"Da kai da takardarka duk a gabana aka yi ku. Sha kununka ka tafi."

Ya sha, ya tafi.

Shekara ɗaya da rabi ana haka. Tayyiba ta fara ƙin ruwan randa, wai sanyinsa yana sukar mata haƙori. Sai ɗigon baƙi ya fito tsakanin haƙoranta biyu na gaba. Da Lauratu ta gani, sai ta ƙara gawayi, ta ce a ƙara dirzawa.

Saura mako uku musabaƙa, leɓen yarinyar ya kumbura har hanci, ga zazzaɓi. Aka ɗora ta a babur sai Gumel, asibitin da Aminullahi yake aiki.

Likita ya duba ya ce ruɓar ta kai saiwa, ga ruwan ciwo ya taru. Biyun nan ba sa gyaruwa. Aka cire su.

Lauratu ta riƙe rigar Aminullahi a baranda. "Wasu za su fito, ko?"

"Na girma ne, Yaya. Ba sa sakewa."

Da bakin ya warke, Tayyiba ta koma gaban malam. Kun san akwai haruffan da sai harshe ya taɓa haƙoran gaba suke fita. Ta ja aya, iska ce kawai ke fitowa. Ta maimaita sau uku. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce ta huta, wata za ta je bana.

Da ta dawo gida uwar ta ce, "Karanta min ko kaɗan, uwata."

Ta ja hijabi ta rufe baki. "Umma, a zuci nake yi yanzu."

Darasi: Man goge baki a aune yake zuwa, kada ki ƙara masa komai. In wanda ya san abu ya yi miki magana, ki saurara ko da a gabanki aka haife shi, don sau da yawa 'ya'yanmu ne ke ɗaukar nauyin gardamarmu. Ku tura wa 'yan'uwa mata, musamman masu son haɗi.

Ku yi min uzuri, ga baƙi can suna sallama a zaure, bari in shimfiɗa musu tabarma.