Mai Kashe Itace a Tsaye

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Tsafe da Gusau, sana'arsa gawayi. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai kai a ɓata yawu a kansa ba.

A bayan ƙauyen akwai kurmi a bakin rafi, marke da kirya da kanya da kaɗanya da ɗorawa, inuwa sai ka ce cikin ɗaki. Tun kaka da kakanni dokar dattawa ɗaya ce: itacen da ya bushe, duk mai gatari ya sara. Ɗanye kuwa ba a taɓa shi.

To, mutumin naku ya ga busasshe ya yi masa kaɗan, ga masu tsire a Sabon Gari da Bungudu suna jiran buhu. Sai Shaiɗan ya koya masa dabara. Ya tone ƙasar gindin itace, ya sassaƙe ɓawon ya zagaye shi kaf, ya mayar da ƙasa ya rufe. In shekara ta zagayo, itace ya bushe a tsaye. Sai ya zo da gatari yana kaɗa kai, wai shi mai tausayi, har da salati.

Ya 'yan uwa, wa yake yi wa wayo? Dattawa ko Mahaliccin itacen?

Da marke da kirya suka ƙare, ya koma kan itatuwan da ake ci. Akwai wata tsohuwa, Inna Habiba, da ta gaji ɗorawa uku. Da kalwarsu take daddawa, da daddawar take ciyar da jikokinta marayu. Biyu suka bushe a shekara guda. Ta tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, ta ce, "Kai, don mi kak kashe min icce? Guda ɗai yar rage. Ka ji tsoron Allah."

Mara kunyar nan ya ɗaga yatsa sama a gaban jama'a, ya rantse da Allah bai taɓa sa wa ɗanyen itace ƙarfe ba. Tsohuwa ta tafi tana kuka, shi kuwa ya gyara hula.

Da ribar gawayin ya gina gidan siminti a filin da ya share, dab da rafi, don kowa ya gani. Wawa! Bai san saiwoyin da ya kashe su ne ke riƙe da gaɓar ba.

A damina ta uku aka yi ruwa tun hantsi har azahar. Rafi ya cika ya tumbatsa, gaɓa ta zube, gida da rumbu da gona suka bi ruwa. Allah ya taimaki iyalinsa, ba sa gida, sun je bikin suna. Shi kuwa ruwa ya ja shi yana ihu, har ya sami abin kamawa. Kun san me ya kama? Ɗorawar Inna Habiba, guda ɗayar da hannunsa bai kai gare ta ba.

Da ruwa ya janye, mutane suka fito. Ruwan ya wanke ƙasar da ya yi ta rufawa. Ga kututture a jere, kowanne da zoben sassaƙa a gindi, babu mai bukatar a yi masa bayani. Ga gwanin rantsuwa maƙale a reshe, ba riga ba hula.

Inna Habiba ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ce, "Sauko a hankali, kak ka karya min reshe."

Yau yana dako a tashar mota a Gusau. Ko ya ce rana ta fito, sai an leƙa waje an duba.

Ya 'yan uwa, itace amana ne, ba naka ba ne kai kaɗai. Tsuntsu na da rabo a ciki, maraya na da rabo, ƙasar da kake takawa ma da shi take tsaye. Wanda ya ɓata shi a ɓoye ya rufe da rantsuwa, ya sani ƙasa ba ta riƙe asirin azzalumi.

Allah ya kiyaye mu da ɓarna da rantsuwar ƙarya, ya bar mana inuwarmu. Amin.