Ranar Yayen Gizo

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku da ba ku san gajiya ba."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Gizo dai ya zama saurayi, amma bai iya komai ba sai ci da kwanciya. Uwarsa masaƙiya ce. Ta yi ta yi ya zauna ya koyi saƙa, ya ce aikin tsofaffi ne. Ran nan ta gaji, ta kife akushinsa, ta ce, "In dai ni na haife ka, ba ka ƙara cin tuwona sai ranar da aka yaye ka a sana'a."

Ya fita yana ƙunƙuni. A hanya ya ji ana cewa duk mai koyon sana'a, maigidansa ke ciyar da shi. Gizo ya ce, "Ashe faɗuwa ta zo daidai da zama!"

Da safe ya je maƙera wurin Kunkuru, ya durƙusa. "Baba, ƙira nake so tun ina goye." Kunkuru ya ba shi zuga-zugi. Ya ɗan zuga, aka kawo koko da ƙosai, ya share. Sai ya miƙe. "Baba, Inna ta aike ni."

Da rana ya je marina wurin Hankaka. "Baba, rini nake so tun ina goye." Aka ba shi sandar motsa baba. Ya ɗan motsa, aka kawo fura, ya shanye. "Baba, Inna ta aike ni."

Da yamma ya je wurin Zomo wanzami. Aka ce ya jiƙa kan wanda ya zo aski. Ya jiƙa, aka kawo ɗanwake, kun san sauran.

Haka ya yi ta yi har damina ta zagayo. Gizo ya yi tumbi, wuya ya yi kauri, uwar kuwa tana ta murna ɗanta ya shiryu. Ni har tausayi take ba ni.

To, ranar kasuwa sai ga masu gidan uku sun haɗu a ƙofar gidan su Gizo, kowa ya zo yaye yaronsa. Kunkuru da guduma da zuga-zugi, Hankaka da turmin farin yadi, Zomo da zabira.

Kunkuru ya ce, "Yarona ne."

Hankaka ya ce, "Kai, nawa ne!"

Zomo, da yake idonsa a buɗe yake, ya ce, "Ku bar musu. Ya yi aiki mu gani, sai mu san na wane ne."

Ana haka sai ga Bunsuru, ango ne, gobe ɗaurin aurensa, yana neman a gyara masa gemu. Aka ce Gizo, bismilla.

Gizo ya jiƙa gemu. Ya sake jiƙawa. Ya ƙara jiƙawa har ruwa na ɗiga.

Bunsuru ya ce, "Malam, wanka na zo yi?"

Gizo ya kalli aska, aska ta kalle shi. Bai taɓa kaiwa nan ba, domin nan ne ɗanwake ke isowa. Gumi ya karyo masa. Sai ya fizgo zuga-zugin da Kunkuru ya zo da su, ya hau hura gemun ango, fuu, fuu! Da ya ga bai aske ba, ya kama ƙahon Bunsuru ya dulmiya kansa cikin tukunyar baba da uwarsa ke rina zare, ya shiga motsawa.

Ango ya ɗago shuɗi fes, yana atishawa. "Wayyo aurena!"

Guduma ta tashi, ƙaho ya biyo baya. Gizo ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya afka ɗaki, ya maƙale a rufi.

Da ƙura ta lafa, ya leƙo. "Inna, ɗan tuwo?"

Ta ce, "An yaye ka?"

Sai ta miƙa masa zare. Yunwa ta koya masa abin da lallashi ya kasa. Shi ya sa har yau kuke ganinsa a kusurwar ɗaki yana saƙa, cinyoyi sun tsotse, ƙuda kawai yake samu. Da ya zauna ya koya tun farko, da zane yake saƙawa.

Ku ji ni da kyau: taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. In ka kama sana'a, ka zauna har ka ga ƙarshenta, kada ka tashi da an kwashe kwano.

Ƙungurus kan kusu! Wanda ya bar akushinsa bai wanke ba, ƙanin Gizo ne.