Wata Uku Yakubu Yana Gudun Inna Dudu

Akwai wani ɗan kabu-kabu a Yelwa mai suna Yakubu. Kowace safiya shi ke kai wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi, Inna Dudu, bakin ruwa.

Ran nan babur ya zame musu a rairayi, tsohuwar ta faɗi ta bugu a ƙugu. Ya kai ta asibiti. Yana ganin 'ya'yanta sun iso ya sulale.

Tun daga ranar ya daina bi ta unguwarsu. Ko fasinjan can ya samu, sai ya ce mai ya ƙare. Da ya ji babban ɗanta Haliru, wani ƙaton masunci, yana cigiyarsa a tasha, har masallacin Juma'a ya sauya.

Wata uku ana haka, duk ya rame. Matarsa Sa'adatu ta gaji ta ce, "Gudun nan ya fi dukan ciwo. Ka tafi ka gaishe ta, in zagi ne ka sha ka dawo mu huta."

Ya sayi lemo, ya nufi gidanta. Ya tarar da ita a tsakar gida tana juya kifi, garau da ita.

"Kai ne?" in ji ta. "Mi na yi maka ka yashe ni?"

Ya durƙusa. "Inna, kunya ta hana ni. Ni na kada ke."

Ta yi dariya har da tari. "Ƙugun kwana huɗu ya yi. Amma da suka auna ni a asibiti, suka ce jinina ya hau sosai ban sani ba, saura kaɗan ɓarin jikina ya shanye. Yanzu ina shan magani. Godiya na aiki Haliru ya yi maka, kai kana ta ɓuya!"

Yakubu ya ajiye lemon a gabanta.

"Tashi," ta ce. "Gobe da sassafe ina jiranka. Yaran da ke ɗauka ta yanzu gudu suke kamar an koro su."

Darasi: Abin da kake kauce wa saboda kunya ko tsoro, a zuciyarka yake ƙara girma. In ka yi kuskure, je ka fuskanci mutumin, wataƙila alheri ke jiranka a can. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe yana sauya hanya saboda wani.