Ƙwaryar Iya Kulu

An ce wai a zamanin da ake sanin arzikin gida daga rumbunsa, a garin Kwarin Tsamiya, wani manomi mai suna Mantau ya faɗo zauren alƙali yana haki, ƙafafunsa duk laka, matarsa Tasalla na biye tana kuka.

"Allah gafarta Malam, ta gama da ni! Jiya muka yi noman fari, yau na leƙa rumbu, ƙasa na tarar. Saura wata uku kaka, ga baki takwas. Gidan ubanta take kwashewa. Yau igiyar aurenmu za ta tsinke!"

Alƙali Malam Jibo dattijo ne da ba ya gaggawar magana. Ya bari numfashin Mantau ya dawo, sannan ya dubi matar. "Baiwar Allah, me kika ce?"

"Wallahi Malam ko tsaba ɗaya ban fitar ba. Da Iya, mahaifiyarsa, ta rasu bayan girbi, shi ya damƙa mini awo. Ya ce uku kullum, yadda take yi. Uku nake yi."

A zauren nan babu wanda bai san Iya Kulu ba. Shekara talatin tana riƙe da awon gidan nan, rumbunta bai taɓa ƙarewa kafin sabon gero ba, ko a shekarar fara. Miyarta ta kuka har yau tsofaffi na labarinta. Ta iya faɗaɗa tuwo da rama da wake, yaro ya tashi yana shafa ciki bai san an yi masa dabara ba.

"Noman bara ya gaza na kullum?" in ji alƙali.

"Ya ma fi," in ji Mantau. "Shi ya sa na ce sata ce."

"A zamanin Iya, tuwo na kwana?"

"Ɗan ɗumamen yara kawai."

"Yanzu fa?"

Tasalla ta share hawaye. "Kullum sai ya yi saura, Malam. Na faɗa masa, ya ce gidansa ba gidan ƙoro ba ne, a zuba wa awaki."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ai kuwa awakin Mantau sun fi amarya sheƙi!" Aka kwashe da dariya.

Alƙali bai yi dariya ba. "Da me ake awon?"

Mantau ya gyara zama. "Da mudu sabo fil, ni na sayo ranar kasuwa. Ƙwaryar Iya ta tsufa, ɗinki uku gare ta, abin kunya a gaban baƙi. Tana can kaji na shan ruwa a ciki."

"A kawo su duka biyun, da gero."

Aka kawo. Malam Jibo ya karɓi ƙwaryar hannu biyu, ya goge ta da bakin rigarsa. Ya sa aka auna mudu uku a tabarma, sannan ya ce wa Mantau ya kwashe da ƙwaryar uwarsa, yana ƙirgawa da ƙarfi.

"Ɗaya. Biyu. Uku." Mantau ya dubi tabarma, ga sauran gero nan tsibi. Ya cika ta huɗu, ta cika taf.

"Ka gani?" in ji alƙali. "Kullum abincin gobe kake haɗawa da na yau. Hatsin wata goma sha biyu ka cinye a tara. Mahaifiyarka ta san girman rumbunta, ta zaɓi ƙwarya daidai da shi. Kai kuwa ka dubi idon baƙi, ka zaɓi mudu daidai da su. Matarka ba ta ɗauki komai ba. Geron yana jikin awakinka. Ka kai awaki uku kasuwa, ka sayo gero ka mayar rumbu. Kafin nan, ka je gaban surukinka ka wanke sunan 'yarsa da bakin da ka ɓata shi. Awo kuma ya zauna hannunta, da wannan ƙwarya."

Mantau ya rungume ƙwaryar, hawaye na zuba cikinta. "Tasalla, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma kai za ka saya wa kaji wata."

Malam Jibo ya dubi jama'a ya ce, "Ku riƙe wannan: gida ba ya rushewa da abin da aka sace masa rana ɗaya, sai da ɗan abin da ake ƙarawa kullum ba a lura ba."

Bai rufe baki ba sai ga wani dattijo ya yi sallama, jakuna biyu a bayansa, da mata da yara.

"Wane ne Mantau a nan? Ni ƙanen Kulu ne, daga arewa. Sai yanzu labarin rasuwar ya iske mu. Mun zo gaisuwa, kuma hanya ta ɓaci, sai bayan damina za mu koma."

Tasalla ta miƙe a hankali. "Sannunku da zuwa, Kawu. Ku nawa ne?"

"Mu goma sha ɗaya ne kacal, 'yata."