Yadda Lauje Ya Yi Doro

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo hanyar fadama!

Ta zo mu ji ta, ta zauna ta huta!

To, ku matso. Kai Ɗanjuma, daina tsungulin ƙanwarka, ina kallonka.

A da can, Lauje ba haka yake ba. Miƙaƙƙe ne sambal, dogo, ga sheƙi. Har cika baki yake yi wai shi ƙanen Takobi ne. Mai shi kuwa wani mutum ne, Cindo, mai yankan shuci. Kun dai san shuci, ciyawar nan da ake baibaye ɗaki da ita. Cindo ba ya duƙawa. A tsaye yake wurga Lauje dama da hagu, shuu, shuu, duk abin da ke cikin ciyawar sai ya sha sara.

To, akwai wata Makwarwa da ta yi ƙwai cikin shuci a tsakiyar wata fadama. Sun kusa ƙyanƙyashewa, har tana jin motsinsu a ƙarƙashinta. Sai ga Cindo ya fara yanka daga bakin fadama, kullum yana matsowa. Makwarwa ba ta da hannun kwasar ƙwai. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Ta ce wa Shuci, "Don Allah ka hana mutumin nan ƙarasowa."

Shuci ya ce, "Ni da ake yankewa? Kin cika ban dariya. Bara ma an yanke ni, na sake tohowa. Ƙwanki fa, yana tohowa?"

Ta ce, "Ina fa!"

Ya ce, "To, nemi wani."

Ta tafi wurin Cindo, ta tsaya nesa kaɗan. Ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Ina da ƙwai a gaba, ka bar mini ɗan wuri."

Cindo ya ce, "Ƙwai? Madalla! Nuna mini wurin in kiyaye."

Yana faɗa yana haɗiyar miyau, hannunsa na laluben dutse. Makwarwa ta tashi fir, dutsen ya wuce ta gefen kunnenta. Kun ji mugun mutum!

Da rana ta yi zafi, Cindo ya kwanta a inuwa, ya ajiye Lauje a gefe. Makwarwa ta lallaɓo.

Ta ce, "Barka da hutawa, ƙanen Takobi."

Lauje ya ji daɗi. Ya ce, "Yawwa, 'yar nan, kin san manya. Me ke tafe da ke?"

Ta faɗa masa. Ya ce, "Ayya. Ni ba ni da ta cewa, hannu ke wurga ni."

Ta ce, "Au, haka ne? Yayanka maza yake sara a fagen yaƙi, kai kuma ƙwai kake sara a ciyawa. Bari in je in ba tsuntsayen fadama labari."

Kunya ta kama Lauje. Ya ce, "Ke, dawo nan! Koma ki kwanta a kan ƙwanki. In kin ji na kusa, ki yi kira in san wurin."

Cindo ya tashi ya ci gaba, shuu, shuu. Makwarwa na kwance, ta ƙi tashi. Ta fara kira. Ku amsa mini.

Lauje, Lauje, kauce mini!
Ƙwaina na nan!
Dogon ƙarfe, kauce mini!
Ƙwaina na nan!
Ƙanen Takobi, kauce mini!
Ƙwaina na nan!

Cindo ya ɗaga hannu ya kawo sara. Lauje ba shi da ikon tsayawa, ba shi da ikon komawa. Sai ya tattara ƙarfinsa ya lanƙwasa bayansa, ƙarfe ya yi ƙara, ya zagaye sheƙar ya wuce. Shuci ya zube ta ko'ina, gindin da Makwarwa ke ciki yana tsaye.

Cindo ya dubi Lauje ya ce, "Kai! Wa ya yi maka haka?"

Ya ruga maƙera da shi. Aka sa a wuta, aka buga, ya miƙe, yana hucewa ya koma a lanƙwashe. Aka sake, ya koma. Aka sake, ya koma. Maƙeri ya jefar da guduma ya ce, "Ɗauki abinka, bayan nan ya riga ya tafi."

Kafin Cindo ya dawo fadama, ƙwai sun ƙyanƙyashe, Makwarwa ta kwashe 'ya'yanta sun shige daji. Ɓawo kawai ya tarar.

Takobi kuwa da ya ga Lauje, sai ya kau da kai ya ce shi ba shi da ƙane mai doro. Abin ya yi wa Lauje ciwo, amma bai taɓa cewa da ya sani ba.

Tun daga nan ba a wurga lauje a tsaye. Dole mai yanka ya duƙa, ya kama ciyawa da hagu, sannan ya ja da dama, kafin nan mai gudu ya gudu. Kiran nan da makwarwa ke yi da safe kuwa, Lauje take gaisarwa.

Saboda haka in kun ga mai doro, kada ku yi masa dariya. Ba ku san wanda ya kare ba har bayansa ya tanƙware.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa damin shuci!